ZAN BAR MASA YA CI

Shafi na 6

Kai, Shu'ibu ɗan Mairo mai ƙosai ta Matsaro, da kai nake. Kai ka ɓata min sunan jika. Ka ci tuwona ya fi a ƙirga, ka sha romon kan tarwaɗa a tsakar gidana har kana suɗe yatsu, sannan ka ɗauki waya ka gaya wa duniya wai Ja'afar ya sayar da wasa.

Bilkisu, rubuta yadda na faɗa. Kar ki gyara min magana. Ban yi boko ba, amma na san abin da bakina yake faɗa.

Masu tambaya wace ce wannan tsohuwar, 'Yar'azumi nake, mai bandar kifi a Gagulmari. Bilkisu mai riƙe da wayar nan 'yata ce. Jikokina biyu ne suke ƙwallo. Ja'afar ɗan ɗana marigayi Safiyanu, ni na goye shi, shi ne gola a kwalejinsu. Modu kuma ɗan Bilkisun nan, yana buga gaba a wata kwalejin daban. Ɗan namiji da ɗan mace, taubasai ke nan. Ga uban Modu Babarbare, mu kuma asalinmu Fulani. Wasan tsokana biyu ya haɗu musu. Tun suna rarrafe ba su taɓa yi wa juna maganar arziki ba, kuma ba su taɓa raba kwano ba.

Asabar waccan aka haɗa makarantunsu. An yi ruwa, fili ya yi caɓal. Modu ya buga wata ƙwallo wadda ko ni na tare ta da faifai, ta sulluɓe a hannun Ja'afar ta shige raga. Aka tashi ɗaya da nema.

Kashegari sai ga bidiyo. Ɗan mitsitsi, bai kai a haɗiye loma ba. Fuskar Ja'afar ce yana dariya yana cewa, "Na gaji wallahi. Zan bar masa ya ci." A samansa Shu'ibu, kyaftin ɗinsu, ya rubuta: ga wanda ya sayar da mu.

Shi ke nan gari ya ɗauka. Aka sa wa maganar kiɗa, 'yan mata suna rawa da ita a Tiktok. In na kasa kifi a kasuwa, ƙartai su tsaya a kaina, "Iya, mu ma a bar mana mu ci mana." Wani ya rataye tsohuwar safar hannu a ƙyauren gidana. Mutanen da suke ɗaga yaron nan a kafaɗa bara, su ne yanzu suke rubuta masa Allah ya isa. Ya gudu Auyo gonar shinkafar ubansa, ya kashe waya, yana can yana saran ciyawar kacala a cikin ruwa.

Gobe Alhamis, ƙarfe goma, kwamitin makaranta zai zauna a kansa. An ce in ya tabbata, ba ƙwallo kaɗai ba, har karatun ya tafi.

To, yau bayan la'asar na ce Modu ya tayar da babur.

"Ina za mu, Iya?"

"Filin da su Shu'ibu suke atisaye."

"Iya, ni fa ɗan wata makaranta ne. Jifana za su yi."

"Su jefe ka. Kai ka ci ƙwallon ai."

Ya yi ta murɗe-murɗe, wai mai ya yi ƙasa, wai taya. Na haye baya na zauna. Ya ja.

Muna isa na tarar da su suna zagaye fili a guje, 'yan kallo sun jeru a gindin darbejiya. Ina sauka wani ya ce, "Kai, kakar Zan-bar-masa ce!" Sai wayoyi suka ɗago sama kamar an yi musu kira.

Na juya na dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Duk ɗan da ya ɗauki fuskata a waya ban yafe ba. Duniya da lahira."

Wayoyi suka koma aljihu. Kowa a Gagulmari ya san wannan dokar tawa. Ko a bikin Bilkisu ban tsaya an ɗauke ni ba.

Na taka har tsakiyar fili. Kocinsu ya busa usur ya taho.

"Hajiya, sannu da zuwa. Lafiya?"

"Ban je Makka ba tukuna, kar ka ɗora min. Ina Shu'ibu?"

Yana bayan wani dogo, yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure. Na ce ya fito. Ya zo ya durƙusa.

"Ina wuni, Iya."

"Riƙe gaisuwarka. Ka san ni?"

"Na sani, Iya."

"Ka san gidana?"

"Na sani."

"Wa ya sa maka man kaɗanya a ƙafa ranar da aka taka ka?"

"Ke ce."

"Modun can, mene ne shi a wurin Ja'afar?"

"Taubashinsa ne."

"Ashe ka sani. Ka taɓa jin sun haɗu ba su yi wa juna shaƙiyanci ba?"

Ya girgiza kai.

"Baki za ka buɗe. Da ka tashi rubutu ai ba kai ka girgiza ba."

"Ban taɓa ji ba, Iya."

"To, Ja'afar ya sayar da wasa?"

Sauran 'yan ƙwallon sun matso sun kewaye mu, sai numfashi suke. Na sake tambaya.

"Ya sayar?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, amma ka rubuta?"

Sai ya sa hannu a wando ya zaro waya. Na zaci kiran wani zai yi. Ya miƙo min.

"Me zan yi da ita? Ka ga na yi kama da mai karatu?"

"Hoton za ki kalla, Iya."

Na kanne ido na duba. Mairo ce, uwarsa, a gaban kaskonta na ƙosai, hayaƙi ya rufe mata ido, tana share gumi da gefen zane. An zana mata jar kibiya a ka.

"Wa ya yi wannan?"

"'Yan kallo. Ranar Asabar, kafin Modu ya ci, an ba mu fenariti. Ni na buga. Ta bi ta saman raga."

"Na ji labari."

"Kafin a yi sallar magariba sun sa hoton Umma. Suka rubuta wai ƙafar ɗanta ta saba da jan kujerar ƙosai, ba ƙwallo ba. Suka sa lambarta. Iya, kira ɗari da wani abu ya shigo mata. Wani ya ce zai zo ya kifar da kaskon. Ranar Lahadi ba ta fita suya ba. Tunda Baba ya rasu ba ta taɓa fashi ba."

Ƙaton yaro, gemu ya fara fito masa, yana shessheka a gaban abokansa.

Na san Mairo tun tana tallan gyaɗa.

"Sai ka ɗauke wutar daga kan uwarka ka ɗora a kan maraya."

"Ban zaci za ta kai haka ba. Na ce kwana ɗaya za su yi su manta."

"Sun manta da kai dai."

"Sun manta."

"To, ba ni amsa ɗaya. Ranar da aka ɗauki abin nan ina wurin. A gidana ne. Magana ce doguwa. Da me ka yanke ta har ta koma wannan guntun?"

Ya ɗago da sauri.

"Wallahi ban yanke ba."

"Kar ka rantse min."

"Iya, na rantse da Alƙur'ani. Rubutun nawa ne, na amsa. Amma haka na ga bidiyon, haka na sauke shi. A sitatus aka sa ranar Juma'a."

"Sitatus ɗin wa?"

Ya dubi bayana.

Na juya. Modu yana jingine da babur, kansa a ƙasa, yana wasa da makulli.

"Modu."

"Na'am, Iya."

"Zo nan, bawan gidanmu."

Ya taho kamar ana jansa da igiya.

"Kai ka yanke?"

"Ni ne."

"Don ka ci mutuncin ɗan'uwanka?"

"Don in tsokane shi ne kawai. Na rubuta a ƙasa, gola ya miƙa wuya tun kafin wasa. Shi ma ya gani ya yi dariya, har ya turo min zagi."

"To, me ya hana ka sa shi dukansa?"

Ya dube ni, ya dubi mutane.

"Faɗi mana!"

"Kina ciki, Iya."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba.

"Ke kika ce duk wanda ya sa fuskarki ba ki yafe ba. Yanzu ma kin faɗa. Sai na cire duk inda kike, na cire muryarki. Abin da ya rage ke nan."

Kocin ya jawo min wani benci na zauna.

Na ce, "Kunna min cikakken."

"A nan?"

"Kunna. Ni da Shu'ibu da malamin nan. Sauran ku ja baya."

Ya kunna. Sai ga tsakar gidana ranar Juma'a da hantsi. Ga ni a kan turmi kusa da murhun banda, ɗaurin ƙirji, ba ɗankwali. Bilkisu ta tsefe min rabin kai ta tafi duba tukunya, furfura ta miƙe tsaye gefe guda kamar an tsorata ta. Wuyana duk toka. Ashe ɗan banzan nan yana ɗauka ban sani ba, na zaci fuskarsa yake kallo a waya.

Ga muryata tana cewa, "Ku ji nan, mazajena. Na gaji da miji biyu ba cefane. Gobe duk wanda ya yi nasara shi ne angona, ɗayan na sallame shi."

Modu ya ce, "Ki fara haɗa kaya, amarya. Gidan Barebari za ki."

Sai Ja'afar, da kan kifi a hannu, ya ce, "Auren wannan tsohuwar? Shekara ashirin ina fama, haƙori huɗu ne ya rage mata. Na gaji wallahi. Zan bar masa ya ci. Ya kwashe ki, in huta."

Sai ga ni na bi shi da muciya, muna ta dariya.

Kocin ya dafe kai.

"Innalillahi. Wannan ne? Wasan kaka da jika?"

"Shi ne ka gani."

"Iya, na kira Ja'afar ranar Litinin kafin ya kashe waya. Na ce in akwai cikakke ya kawo, magana ta mutu. Ya ce babu."

Na dubi Modu.

"Yana da shi?"

"Tun ranar na tura masa."

"Kai kuma kwana huɗu kana kallo ana yanka ɗan'uwanka, bakinka a rufe?"

"Na ce zan sa, Iya. Wallahi na ce. Ya kira ni daga wayar wani a Auyo. Ya ce, Modu, kan Iya ba ɗankwali. Tunda kakanmu Malam ya rasu ba namijin da ya ga kanta sai mu. Ka ga abin da suka yi wa Umman Shu'ibu da zanenta da mayafinta. In suka samu wannan, kiɗa za su sa mata. In ka sa, ni da kai har abada."

Bilkisu, bar share ido, ki rubuta.

Yaron da na yi wa tsarki. Yana can cikin ruwa har gwiwa, matsattsaku suna shan jininsa, ana kiransa ɓarawon wasa, za a kore shi daga karatun da ubansa ya mutu yana buri. Duk don kar a ga furfurar wata tsohuwa mai warin hayaƙi.

Na miƙe.

"Modu, tura wa Shu'ibu."

"Iya, kin ce ba ki—"

"Ni na ɗaura, ni na kwance. Na yafe. Tura."

Kocin ya ce, "Ai ba sai an sa a duniya ba. In nuna wa kwamiti a ofis ya isa."

"Kwamiti ne suke tare ni a kasuwa? Kwamiti ne suka rataye safa a ƙofata? Ko sun bar shi a makaranta, da wace fuska zai tsaya a raga, dubu suna rera masa zan bar masa? A inda aka zage shi, a nan za a wanke shi."

Suka haɗa waya da waya. Ta yi ƙara, ya shiga.

Na ce, "Shu'ibu, mutum nawa ne suke bin ka a abin nan?"

"Dubu goma sha takwas."

"To, ka sa musu. Dukansa, har muciyar. Ka rubuta a sama da hannunka cewa ƙarya ka yi."

Ya dubi wayar, ya dube ni.

"Iya, in na rubuta haka, kan Umma za su koma. Wannan karon ba fenariti ba ce, maƙaryaci za su ce ta haifa."

"Na sani."

"Jiya-jiya ta koma fita suya."

"Na sani, na ce. Gobe da sassafe zan ɗauki kujerata in zauna a gefen kaskonta. Wanda ya isa ya zo ya kifar."

Ya ɗora yatsa a kan waya.

Sai muka ji ƙarar babur ya shigo fili a guje, bai ko tsaya a bakin layi ba. Na baya ya diro tun kafin a taka birki. Wando a naɗe, taɓon fadama har cinya, ya rame, idanu sun faɗa.

Ja'afar.

Ashe Bilkisun nan, muna fita daga gida ta kira Ɗahiru mai kwalekwale a Auyo ta ce ya gaya masa na tafi fili. Rubuta, kar ki tsallake. Ke kika yi.

'Yan gindin darbejiya suka fara, "Zan bar masa! Zan bar masa!" Bai ko kalle su ba. Ya zo ya fizge wayar Modu.

"Ja'afar, tsaya ka ji—"

Ya danna, ya danna, ya jefa masa abarsa a ƙirji.

"Na goge. Nawa ma na goge tun a hanya."

Na ce, "Kai, mai gida, ni ce na sa shi."

"Iya, ki hau babur mu tafi."

"Kaina ne ko naka?"

"Nawa ne."

"Ji ɗan banza. Ba ka ce ka gaji da auren ba?"

Bai yi dariya ba. Karo na farko tunda ya iya magana na tsokane shi bai rama ba.

"Iya, ba ki san su ba. Ba kya ganin abin da suke rubutawa. Ni na gani. Za su manna kanki a jikin akuya. Za su yi rawa da muryarki. Shekara goma abin yana yawo. Ni makaranta ce kawai. Ga gona."

"Gonar da ruwa yake cinyewa duk shekara biyu?"

"Zan iya."

"Ubanka ma haka ya ce."

Ya juya wajen Shu'ibu. Su biyun nan tun firamare suke buga ƙwallon tsumma tare.

"An tura maka?"

Shu'ibu ya gyaɗa kai.

"Goge."

Na ce, "Sa."

"Shu'ibu, abin da ka yi min na bar ka da shi, ba zan ƙara tayar da maganar ba. Amma ka goge."

"Shu'ibu, ni ban bar ka da shi ba. Sa."

Yaron ya dube ni, ya dubi Ja'afar, ya dubi 'yan gindin bishiya da suka sake zaro wayoyi. Hawaye har cikin gemunsa. Sai ya cusa wayar a aljihu, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya ratsa ta tsakiyar mutane ya fita. Kocin yana kira, bai waiwayo ba.

Yanzu ga mu a gida, rana ta kusa faɗuwa. Ja'afar yana ɗaki ya ƙi cin abinci. Modu yana zaure ya kasa shiga ya kasa tafiya. Kocin ya ce zai faɗi abin da ya gani, amma kwamiti za su ce yaronsa yake karewa, sai sun gani da idonsu. A duk duniya kuma wuri ɗaya abin nan ya rage. Aljihun Shu'ibu. Bilkisu ta duba shafinsa sau bakwai. Bai sa ba. Ba mu san ko ya goge ba.

Ku kuma masu rawa da maganar jikana, masu kiran Mairo a waya, kar ku zaci na manta da ku. Yara ne. Ƙwallo ce ta sulluɓe, wata ta bi sama. Kun mayar da ɗaya maƙaryaci, kun kori ɗaya cikin kacala. Furfura kuke son gani? Ga ta nan zuwa, ku ƙoshi. Na ga ruwa ya ci gidana sau uku, dariyarku ba za ta kashe ni ba.

Shu'ibu, na san kana karantawa. Na ji tausayinka, na ji na uwarka, kujerata tana bakin ƙofa tun yanzu. Amma hannunka ne ya rubuta. Kan da za a gani nawa ne, ni na ba ka izini, ba ruwanka da rantsuwar Ja'afar. Ka sa shi dukansa. Gobe kuma kafin goma ina bakin ofishin nan da mayafina.

Ka zo ka tsaya a gabansu, ka dubi idon yaron da kuka ci kwano ɗaya, ka amsa da bakinka: Ja'afar ya sayar, ko bai sayar ba?